Uwa da Tarbiyyar 'Ya'ya a Karin Maganar Shona

Shona su ne kabilar da ta fi yawa a ƙasar Zimbabuwe, kuma karin magana a harshensu ana kiran sa tsumo. A shekarar 1974 M. A. Hamutyinei da A. B. Plangger suka tattara masu yawan gaske a littafin Tsumo-Shumo, wanda kamfanin Mambo ya buga a Gwelo, watau Gweru ta yanzu. Wanda ya karanta irin waɗannan tsumo a gurguje zai ɗauka kirari kawai suke yi wa uwa. Wannan fahimta tana da tushe, amma ba ta kai ƙarshen zance ba.

Kirarin dai akwai shi. Shona sukan ce gida mace ce. Sukan kwatanta uwa da lomar tuwo wadda ba ta bukatar miya, su kuma ce uba ɗan raino ne kurum, domin in yaro ya fashe da kuka uwa yake kira. Al'ada ma ta mara wa maganar baya. A cikin dukiyar aure akwai saniya guda, mombe yeumai, wadda ta uwar amarya ce ita kaɗai. Ɗan da ya wulaƙanta uwarsa kuwa, sai ya yi kaffarar da suke kira kutanda botso, ya sa tsumma ya bi gidaje yana barar hatsi ana yi masa ba'a.

Inda nazari ya kamata ya daɗe shi ne karin maganar akuya, wanda ke cewa cin ganyen mufenje da akuya ke yi, uwarta ta biyo. A zahiri ya yi kama da na Hausa mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai na Hausa ya fi zuwa wajen yabo, na Shona kuwa sau da yawa akan ɗauko shi ne in yaro ya yi abin kunya. To, a tsarin Shona yaro na dangin uba ne, daga uba yake gadon mutupo, watau tambarin zuri'a. Ke nan uba ya tafi da suna, an bar uwa da amsa tambaya a kan hali. Halin nan kuwa, wanda suke kira unhu, ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya rasa shi akan ce shi ba mutum ba ne. Abin mamaki, karin maganar bai taɓo tete ba, 'yar'uwar uba, alhali ita ce al'ada ta ɗora wa horon 'yan mata kafin aure.

Akwai kuma wani mai kaifi biyu, wanda ke cewa gwanin raino shi ne wanda ba shi da ɗa. Manufarsa a rufe bakin masu sukar uwa daga gefe, kuma ya yi daidai, gama wanda bai kwana da jariri mai zazzaɓi ba ya cika yawan shawara. Amma a gidan da ake auna kyan mace da ɗan da ta goya, kamar yadda wani tsumo ya faɗa, wannan magana kan faɗa ne a kan matar da ba ta haihu ba, ko da kuwa ita ta raini rabin yaran gidan.