Kenneth Murray: Daga Aji Zuwa Gidan Tarihi

A 1927 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo wani matashin Bature, Kenneth Murray, ya koyar da zane a Najeriya. Wanda ya matsa a kawo malamin shi ne Aina Onabolu, ɗan ƙasa da ya yi karatu a Landan da Faris, mai burin yaran Legas su iya zana fuskar mutum yadda ake yi a Turai. Sai ga shi malamin da ya iso ra'ayinsa ya sha bamban da nasa. Murray ya ga sassaƙa da ginin tukwane suna neman gushewa, don haka ya ƙi ɗora ɗalibansa a kan salon Turai. A Ibadan da Umuahia yakan sa su zana abin da suka tashi suka tarar: cin kasuwa, hawan bishiyar manja, rawar gari. A 1937 ya kai ayyukan biyar daga cikinsu baje koli Landan, har da na Ben Enwonwu.

Niyyar tana da kyau, amma akwai abin dubawa. Baƙo ne ke yanke wa yaro hukuncin abin da yake "na gida" da abin da yake "aro". Yaron da ke ganin jirgin ƙasa da mota kullum an nuna masa cewa ƙauye kaɗai ya cancanci shiga takardarsa. Enwonwu bai tsaya inda aka ajiye shi ba, ya wuce makarantar zane ta Slade a Ingila. Amsar da ta fi ƙarfi kuwa daga Zariya ta fito a 1958, inda ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su ɗebi na gida da na waje su gauraya da hannunsu, ba sai an zaɓa musu ba.

Wannan fargaba ta kada abu ya salwanta ita ce ta fitar da Murray daga aji. A 1943 aka ba shi aikin kula da kayan tarihi, kuma a nan ne ta fi amfani. Gidan tarihi na Esie, mai ɗauke da ɗaruruwan mutum-mutumin dutse, ya buɗe a 1945. Na Jos, wanda Bernard Fagg ya tsaya a kai saboda kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suke tonowa, ya biyo baya a 1952, na Legas a 1957. Tsakani, a 1953, aka yi dokar hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Ba don ita ba, da abin da ya rage ma ya bi jirgin ruwa.

Sai dai tara kaya wuri guda bai zama kariya ba ko yaushe. Sassaƙen kakanni na Oron, da Murray ya sha wahalar tattarowa, da yawansu sun ɓace ko sun lalace a yaƙin basasa. Kuma tsarin da ya bari ya fi kula da abin da aka ƙera a kan mai ƙera shi. Wanda ya je Jos zai gane haka a filin gine-ginen gargajiya da aka yi daga baya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Ginin ƙasa ba ya zama a akwatin gilashi. Yana son yaɓe bayan damina, yana son magini da ya san kwaɓa ƙasa da ɗaurin azara, ga shi kuwa hukumar kayan tarihi ta gaji rajistar kaya ne, ba ta gaji hanyar yaye magina ba.

Ekpo Eyo ya karɓi ragamar hukumar a 1968, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Murray bai koma Ingila ba, ya rasu a haɗarin mota a Najeriya a 1972.