Jinjina ga masu haɗa kayan sauti

Ina jinjina wa masu haɗa kayan sauti da ba sa ruɗar mai saye da yawan wat ɗin da ke jikin kwali. Gwaninsu sai ya juya sifika ya duba bayanta tukuna: om 8 ce ko 4? Mai om 4 ta fi jan wuta, ƙaramar amfilifaya kuwa zafi za ta yi ta ɗauke.

Ya san kiɗa nagartattun sifiku biyu na gaba yake buƙata, fim mai tsarin 5.1 kuma maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa. Sai ka ji ya ce, "Alhaji, ukun gaban nan su zama ƙirar kamfani ɗaya. Na baya sai aljihu ya huta."