Harsashin zabo ba na mazo ba ne

Da zarar an gama sussukar dawa, ciyawa ta bushe a dazukan da ke bayan Sabon Wuse da Ija Gwari, sai maharban Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja su soma share bindigoginsu. Gwarawa, Koro, Hausawa, kowa da al'adarsa ta shiga daji, amma abin da ke rataye a kafaɗarsu ya soma zama iri ɗaya. Adaka, wadda wasu ke kira baushe, 'yan tsokana kuma su ce mata harba-ka-ruga, tana ja da baya. Mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a zura mata harsashin kamfani, ita ce abin yayi, musamman a hannun samari.

Babu mai hankalin da zai yi kukan rabuwa da adaka don kanta. Ɗurinta na cin lokaci, raɓa na kashe albarushinta, kuma idan mai ita ya yi zalama wajen ɗuri takan fashe ta tafi da yatsunsa. Sai dai tana da tarbiyyar da take yi wa mai riƙe da ita. Wanda ya san harbi ɗaya ke gare shi ba ya harbin banza. Yana karanta sawu, yana bin iska don kada dabba ta shinshino shi, yana rarrafe a kan guiwa har sai ya ga ƙiftawar idon gada kafin ya ja kunama. Tun daga gida ma ya yanke shawarar abin da ya fita nema, domin ɗurin makwarwa daban, na babban nama daban.

Wannan tunanin ne mai wannan rubutu ke ganin yana salwanta. Saurayi ya samu sabuwar bindiga, ya sayi harsashin da ya samu ko wanda kuɗinsa suka kai, ya cusa a aljihu, duk abin da ya gilma a gaban tocilan goshinsa ya sakar masa. Araha kuwa ba ta ado.

Kwanson harsashi ba ya ɓoye abin da ke cikinsa, yana nan rubuce a jikinsa. Idan lamba ce, to gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin. Lamba 6 a ma'aunin Ingila ƙwayarta ba ta kai milimita 3 ba, kuma gram 28 nata na ɗauke da ƙwaya wajen 270. An yi ta ne don tsuntsu da zomo. Mai BB ta ɗan ɗara milimita 4, mai AAA ta haura 5, ita kuwa SG ta wuce milimita 8, kuma yawanci ƙwaya tara kacal ake samu a kwanso guda. Dukkansu, da zarar nisa ya wuce mita 30 zuwa 40, ƙwayoyin sun watse, ƙarfinsu ya ragu. Gada ba ta cika wuce kilo 25 ba. Namijin mazo kan ninka ta. Wanda ya watsa wa mazo lamba 6 daga mita 50 bai kashe shi ba, ya dai cika masa cinya da ciki da ƙananan raunuka. Dabbar za ta faɗa kurmin bakin rafi, ta kwana biyu ko uku tana ruɓewa da ranta, ta mutu inda ba wanda zai amfana da ita.

A ƙasashen da farautar barewa ta zama sana'a mai doka, wannan magana ba a barin ta ga son ran maharbi. Dokar barewa ta Ingila ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da bindigar da bakinta bai kai inci .240 ba, wato kusan milimita 6, kuma dole harsashin ya zama mai buɗewa idan ya shiga jiki, don dabba ta faɗi nan take. Har 'yar ƙaramar muntjac, wadda aka kai can daga Asiya kuma girmanta bai wuce na gadarmu ba, an yanka mata nata ma'aunin, inci .220. Bindiga mai watsa ƙwaya kuwa an hana ta, sai a wasu yanayi kaɗan, kamar ga manomin da barewa ke yi wa ɓarna, shi ma ba da ƙananan ƙwayoyin tsuntsu ba. A Amurka maharba sun shafe shekaru suna gardama a kan bindigogi irin su .30-06 ta 1906, da .270 Winchester ta 1925, da 6.5 Creedmoor da ta fito a 2007 ta sace zukatan matasa.

Wannan gardamar ba tamu ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na soja da aka haramta, na ɗaiɗaikun mutane da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki irin adaka da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Maharbin Tafa ba zai riƙe irin ta Baturen can ba, balle a wannan zamani da rashin tsaro a hanyar Abuja zuwa Kaduna ya sa duk mai bindiga ya zama abin zargi. Amma tambayar da dokar Ingila ta amsa ita ce dai tambayarsa: wace dabba, daga wane nisa, da wane harsashi?

Addini ma bai yi shiru ba. Duk almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta babin farauta, inda aka sharɗanta ambaton sunan Allah lokacin sakin makami, da yanka dabbar idan an riske ta da rai, aka kuma yi magana a kan naman da ya ɓace wa maharbi har ya kwana. Raunata dabba a bar ta ta gudu asarar nama ce, zalunci ne kuma.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce dalma. Kusan duk harsashin kamfani da ke yawo a ƙasar nan ƙwayarsa ta dalma ce, kuma mutanen Jihar Neja ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan gubarta. A 2015 yara 28 suka rasu a Ƙaramar Hukumar Rafi, a yankin Shikira, bayan Zamfara ta rasa sama da 400 a annobar da ta ɓulla a 2010. Waccan guba daga haƙar zinariya ta fito, kuma ba a haɗa yawanta da abin da ke cikin nama. Amma dalma dalma ce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani gwargwadonta da ba ya cutarwa, musamman ga ƙwaƙwalwar yara da ɗan tayi.

Ƙwayar da mai cin nama ya ji a haƙorinsa ya tofar ita ce mai sauƙi. Dalma tana da laushi, idan ta daki ƙashi takan farfashe ta zama ɓurɓushin da ido ba ya gani. A 2008 hukumar kula da namun daji ta Jihar Minnesota ta yi gwajin harsasan barewa, ta ɗauki hoton ciki, ta tarar da ɓurɓushi har kusan santimita 45 daga inda harsashi ya ratsa. A shekarar ce Dakota ta Arewa ta janye naman barewa daga rumbunan ciyar da mabukata. Dafuwa ba ta kashe dalma, ƙyafewa ma haka. A nan kuwa naman da ya fi dagargajewa, na kusa da rauni, shi ne wanda ba ya sayuwa a bakin titi, shi ake kai wa gida a jefa cikin farfesu, yara su sha romo.

Duniya ta soma juya wa dalma baya. Amurka ta hana ta a farautar agwagin ruwa tun 1991, Denmak ta hana ƙwayarta a 1996, Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta a 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu da dausayi a 2023. Abin da ya maye gurbinta ƙarfe ne da jan ƙarfe. Sai dai kada wani ya ji wannan ya ruga. Ƙwayar ƙarfe ta fi dalma tauri, tana iya lalata bakin tsohuwar bindiga, balle wadda maƙerin gari ya ƙera, kuma ba ta nan a kasuwa.

Saboda haka abin da ya rage a hannun maharbin Tafa ba shi da tsada. Ya karanta jikin kwanso kafin ya biya. Ya ware na tsuntsu a aljihu ɗaya, na babban nama a ɗaya. Idan mazo ya tsaya nesa da inda harsashinsa ke kaiwa, ya ƙyale shi, ko ya rarrafa kamar yadda kakansa ya yi. Wajen fiɗa ya yanke naman da ke kewaye da rauni da faɗi, ya binne shi tare da kayan ciki, kada ya bar wa karnuka da ungulu, kada kuma mai ciki ko ƙaramin yaro su ci daga wannan sashen. Sarakunan baka da na dawa, waɗanda har yanzu ake jin maganarsu ranar fita farautar gayya, su ne za su iya mayar da wannan ƙa'ida, kamar yadda suke hana harbin dabba mai ciki, su duba aljihun kowane yaro tun a bakin gari kafin a shiga daji.