Ezinma da ƴaƴan wabi: karatun babi na 9 na littafin Achebe

A cikin Things Fall Apart (1958), wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan Le monde s'effondre, Chinua Achebe ya keɓe babi na 9 ga Ekwefi, matar Okonkwo ta biyu. Ta haifi ƴaƴa goma, tara sun rasu tun suna ƙanana, Ezinma kaɗai ta tsaya. Inyamurai na kiran irin wannan yaro ogbanje: rai guda mai mutuwa ya koma cikin uwarsa, a sake haihuwarsa.

Da sauƙi mai karatu ya haɗa wannan da aƙidar Indiya, alhali akwai tazara. A addinin Hindu, aikin mutum, wato karma, shi ke zaɓa masa jikin da zai koma. Mabiya Buda sun yarda da maimaituwar haihuwa, amma ba su yarda da rai tabbatacce mai ƙaura ba. Musulunci da Kiristanci sun ƙi abin ɗungurungum: rayuwar duniya ɗaya ce, sai mutuwa, sai tashin alƙiyama da hisabi. Malamai na kiran waccan aƙida tanasuhi. Shi kuwa ogbanje ba sakayyar wani aiki yake biya ba. Amsa ce da jama'a suka ba uwa mai binne jariri bayan jariri.

Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba. Ɗan wabi akan raɗa masa suna na wulaƙanci, irin su Ajuji ko Ajefas, don mutuwa ta raina shi ta wuce.

Gwanintar Achebe ita ce bai yanke hukunci ba. Ya nuna boka Okagbue yana tono tsakuwar da aka ce ita ke ɗaure Ezinma da duniyar ruhohi, kuma a babin nan ya nuna Okonkwo yana yi mata siracen ganye da sassaƙe saboda zazzaɓi. Tsafi da magani suna kafaɗa da kafaɗa, mai karatu ya auna. Daga baya masu bincike sun danganta yawancin irin wannan mace-mace da ciwon amosanin jini.

Inda littafin ya gaza shi ne, bayan Ezinma ta girma ya mayar da Ekwefi gefe, labarin maza ya cinye nata. Duk da haka malamin da ke koyar da babin zai yi asara in ya tsaya ga kiransa camfi, domin a ajinsa da wuya a rasa wanda uwarsa ta sha wabi.