Haɗa hanyoyin jinyar tunani: magani ne ko gamin gambiza?

A shekarar 1936 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Saul Rosenzweig, ya lura cewa hanyoyin jinya ta tattaunawa, duk da gabar da ke tsakanin mabiyansu, kusan dukkansu suna kawo sauƙi. Ya ce wataƙila abin da suka yi tarayya a kai ne ke aiki, irin su alaƙar mara lafiya da mai jinyarsa da kuma bayanin da ya gamsar da shi game da matsalarsa. Nan ne tushen abin da yanzu ake kira haɗaka: mai jinya ya ɗauko dabara daga mazhabar Freud, ya ƙara da ta masu gyaran ɗabi'a, gwargwadon buƙatar wanda ke gabansa.

Tunanin yana da kyau, kuma akwai inda aka yi shi da tsari. Anthony Ryle a Ingila ya gina hanyar da ke haɗa tono tarihin mutum da gyaran tunani, yawanci cikin zama 16. Tun a farkon zaman mai jinya yakan rubuta wa mara lafiya wasiƙa, ya zayyana masa yadda yake maimaita halin da ke cutar da shi, su gyara ta tare. Irin wannan ana iya koyar da shi, ana iya gwada shi.

Matsalata tana ga waɗanda suka mayar da kalmar haɗaka rigar fakewa. Idan kowane mai jinya da irin nasa haɗin, me za mu auna a bincike? Da yawa kuma abin da suke haɗawa shi ne abin da suka fi jin daɗin yi, ba abin da cutar ke buƙata ba.

Ɗauki ciwon waswasi, mutum ya sake alwala sau goma ko ya yi ta wanke hannu har fata ta tsage. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne a sa shi ya fuskanci abin da yake tsoro a hankali, a hana shi maimaita wankin har fargabar ta lafa da kanta. Aiki ne mara daɗi, ga mai jinya ma. Wanda ya sauya shi da hirar ƙuruciya da lallashi zai iya ƙara wa cutar ƙarfi, domin neman tabbaci daga wani yana cikin abincin waswasi.

Don haka idan aka ce maka ana amfani da haɗaka, tambayi abu uku: me za a haɗa, don me, kuma zuwa zama na nawa za a duba ko an samu sauƙi.