Emily Kngwarreye da Doyar da Ido Ba Ya Gani

Tun da aka fara rataye zane-zanen Emily Kame Kngwarreye a manyan ɗakunan baje koli ake yi mata wani yabo mai kama da rage daraja. Wai tsohuwa ce daga dajin Ostiraliya, ba ta taɓa zama ajin zane ba, amma ilhama ta kai hannunta inda na mai zane Jackson Pollock ya kai a Amurka. Masu wannan magana sun ga layuka sun sarƙe, launi ya hau launi, ba itace ba dutse da ido zai kama, sai suka yanke cewa motsin zuciya ne zalla, bai kwatanta komai ba. Sun yi gaggawa. Matar nan ƙasarta ta gado take zanawa, wato Alhalker, kuma abin da suke kira ilhama sani ne da ya daɗe a hannu har mai shi ya daina tsayawa tunani.

'Yar ƙabilar Anmatyerr ce, ta rayu a yankin Utopia, arewa maso gabas da Alice Springs, ta yi aikin ƙarfi a gandayen shanu na Turawa. A 1977 ta shiga ƙungiyar matan da suka koyi rinin kaki. Sai a ƙarshen 1988, tana da shekara fiye da 70, ta fara shafa fenti a kan ƙyalle, kuma kafin rasuwarta a 1996 ta bar ayyuka kusan 3,000. Amma kafin rini da fenti akwai awelye, bikin mata da ake zana layuka da jar ƙasa da farar ƙasa a ƙirji da kafaɗu, ana waƙe filin da aka gada. A nan hannun ya yi karatunsa.

A dubi babban aikinta na 1995, Big Yam Dreaming, da ke gidan zane na jihar Victoria a Melbourne. Tsawonsa mita 8, faɗinsa kusan 3, farin layi ne kawai a kan baƙi, kuma cikin kwana biyu ta gama shi. Ba a tsaye ta yi ba. An shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, ta zauna a kansa ta naɗe ƙafa, ta ja layi iya inda hannu ya kai, ta matsa, ta ci gaba. Shi ya sa zanen ba shi da sama da ƙasa, ba shi da inda sararin sama ya haɗu da fili, ba shi da tsakiyar da ido zai huta. Layin yana kauri inda buroshi ya sha fenti, yana siriri inda ya bushe, yana dunƙulewa inda ta daɗe a zaune. Abin da yake bi kuwa saiwar wata doyar daji ce, anwerlarr, wadda ganyenta ke bushewa da rani ya bar abincin a binne. Mace mai nemanta tsagewar ƙasa take karantawa, kamar yadda manomi ke gane dankali ya kosa daga tsagin kunya. To wanda ya shekara da shekaru yana haƙar wannan saiwa ya san yadda take karkata da yadda take rassa, ba ya bukatar ya fara zana ta da fensir. Saurin da ake kira ilhama ke nan. Pollock ma a ƙasa yake shimfiɗa nasa, gaskiya ne, sai dai kamannin ya tsaya a nan: shi yana kewayawa yana watsa fenti, ita tana bin hanyar wani abu da ake tonowa a gasa a ci.

Akwai suka mai nauyi fiye da wannan. Ana cewa dillalai sun yi mata caa, dangi masu yawa na ci daga hannunta, don haka ta riƙa fitar da aiki kusan kullum, kuma a ciki akwai na gaggawa. Haka ne, ba duka 3,000 ɗin ne suka kai ba, kuma kasuwar da ta sayi zanenta Earth's Creation a kan fiye da dala miliyan ɗaya ta Ostiraliya a 2007 ba ta cika tantancewa ba. Amma mai yi don kasuwa salon da ya karɓu yake riƙewa. Ita kuwa lokacin da masu saye ke rububin zane-zanenta na ɗige-ɗige ta watsar da su ta koma ratsin zanen jiki, daga nan ta koma saiwa, a makonninta na ƙarshe kuma ta koma shafe mai faɗi.

Matsalar, a ganina, tana wajen mai kallo. An saba mana da zanen fili irin na Turai, inda mutum ke tsaye a kan tudu yana hangen kwari, na kusa babba na nesa ƙarami. Wannan kallon baƙo ne, ko na mai son saye. Wadda aka haifa a wurin ta san shi da tafin ƙafa da sandar haƙa, ta san abin da ke ƙarƙashinsa, kuma duk mai neman dutse da gajimare a aikinta zai fita yana cewa bai ga fili ba.