Baƙon da Marubutanmu Suka Manta da Shi a New Bell

Adabinmu adabin matafiya ne. Tun gasar rubutu ta 1933, Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida ya shiga duniya, ya komo da abin da ya fita nema. Daga baya Abdulƙadir Ɗangambo ya ba mu Kitsen Rogo, inda saurayi ya bar ƙauye birni ya lalata shi. A ganina, har yau yawancin marubutanmu a waɗannan tukwane biyu suke dafa labarin tafiya: ko dai matafiyi ya dawo da arziki, ko kuwa ya zama abin wa'azi. Akwai wani matafiyi na uku da nake gani kullum a unguwarmu ta New Bell Hausa a Duwala, amma ban taɓa haɗuwa da shi a littafi ba. Shi ne baƙo mai ilimin kwamfuta da ya zo neman aiki.

New Bell dama unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka so korar 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogi, shirin da Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shi har suka rataye shi a ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya ta cika da mutanen da suka zo daga ko'ina, cikinsu har da kakanninmu fatake. Su waɗannan suna da tsari. Baƙo ya sauka wurin fatoma, a ba shi ɗaki da abinci, a haɗa shi da mai saye, a tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Baturen nan Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 kan irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan.

To, wa zai zama fatoman mai rubuta manhaja?

Wani yaro ɗan Kano ya sauka gidanmu da digirinsa na kimiyyar kwamfuta da 'yar jakarsa ta baya. Masauki bai gagare shi ba, don zumunci bai mutu a New Bell ba. Dattawa sun tambaye shi sana'arsa, ya yi bayani, suka jinjina kai, ɗayansu ya ce, "To ɗana, ai sai mu nema maka shago a kasuwa." Iyakar abin da ke hannunsu ke nan, kuma da zuciya ɗaya suka bayar. Sai dai aikin da yake nema yana ofisoshin Akwa da Bonanjo, inda maganar dattijon zango ba ta buɗe ƙofa.

A can ya ci karo da katanga uku. Ta farko harshe: Kamaru tana da Faransanci da Ingilishi a hukumance, amma a Duwala da Faransanci ake ganawa da mai neman aiki. Ta biyu takarda: Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, baƙo na buƙatar katin zama, kuma dokar ƙwadago ta 1992 ta ce kwantiragin ɗan ƙasar waje sai minista ya amince da shi. Ƙaramin kamfani zai gwammace ya ɗauki ɗan ƙasa ya huta da zirga-zirga. Ta uku kuwa ba a rubuce take ba. A kudancin ƙasar nan kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa "Bahaushe" ake ce masa, kuma hoton da ke zuwa zuciyar wasu shi ne mai tsire ko mai goro. Wata rana yaron ya dawo da yamma ya ce mini, "Kawu, mai gadin ya tambaye ni ko saƙo na kawo." Ya yi dariya, ni kuwa na kasa.

Abin da nake zargin marubutanmu da shi ke nan. Idan sun sako kwamfuta a labari, ado ce kawai a kan teburin saurayi mai kuɗi da ya dawo daga Ingila. Babu mai nuna mana wahalar da ke tsakanin iya aiki da samun aiki. Wasu za su ce ai sana'ar intanet ba ta san iyakar ƙasa ba, mutum na iya yi wa kamfanin Amurka aiki daga ɗakinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mu a nan mun ga 2017, lokacin da aka katse intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu, masu manhaja na Buea suka riƙa hawa mota zuwa wajen Duwala don su tura aikinsu. Idan ɗan ƙasa zai shiga wannan hali, ina ga baƙo?

Ba ina cewa a daina labarin soyayya ba ne. Cewa nake a cikin rayuwar wannan yaro akwai duk abin da marubuci ke nema. Ga uwa a Kano da ke jiran aike. Ga budurwa da aka ce wa ta yi haƙuri shekara ɗaya. Ga kunyar komawa gida hannu rabbana. Ga kuma tambayar da ta fi damuna: me zango zai zama idan 'ya'yansa sun koyi sana'ar da dattawansa ba su san bakin zarenta ba?

Yaron yanzu yana gyaran waya a wani shago a Akwa, da dare yana koyon Faransanci wurin wani ɗan Maraɗi da ke tare da mu, shi kuma yana koya masa Ingilishi. Bai dawo da ruwan bagaja ba, birni kuma bai lalata shi ba. Marubutanmu na Kano da Zariya da Damagaram, ga labari nan yana jiranku, masauki kuma ba zai gagara ba.